Wasiƙar Baba Sito da Aka Tsare

A ofis, kowa Injiniya yake ce mata, ko da yake difloma gare ta. Shekara goma sha ɗaya ta yi a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene, ita da saba, wato na'urar da duk imel ɗin ma'aikata ke bi kafin ya fita. Ɗakin sanyi ƙalau, har ana tsokanarta wai a firji aka ɗauke ta aiki.

Wata shekara cuta ta shiga kwamfutar wata sakatariya, ta fesa wasiƙun talla dubu tara da sunan ofis. Sati biyu ba inda ake karɓar saƙonsu. Manaja da kansa ya sauko yana huci. A ranar ta kafa wa saba doka: duk wasiƙar da aka aika wa fiye da mutum hamsin, a tsare ta sai ta duba. Da farko kullum take dubawa. Da ta ga tarkace ne kawai ke taruwa, ta koma sai ƙarshen wata.

Wata Talata Baba Sito, dattijon da ke riƙe da makullan sito, ya leƙo.

"'Yata, imel ɗin nan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Lafiya lau, Baba."

"To. Na yi rubutu ne, na ji shiru." Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa. "Wataƙila aiki ne ya yi wa mutane yawa."

Waya na kunnenta, hannu kawai ta ɗaga masa.

Ranar Alhamis aka yi masa aiki a zuciya. Bai farka ba.

Bayan kwana tara ta buɗe wasiƙun da aka tsare. Ga tasa nan a tsakiyar tallace-tallace, zuwa ga mutum ɗari da goma sha biyu: abokan aiki, waɗanda suka yi ritaya, da ƙaninsa da suka shekara takwas ba sa ga maciji. Layi uku ce. Zai shiga asibiti, yana jin tsoro, duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa.

Ta kira mijinta tana kuka, ta faɗa masa abin da ta gani.

"In goge, ko yaya?"

"Ba taki ba ce," in ji shi. "Sake ta."

Ta rubuta a sama cewa ita ta jawo jinkirin, ta sake ta.

Kafin a tashi aiki amsoshi suka fara shigowa akwatin mamacin. Ɗaya kawai ta buɗe, ta ƙanin: "Yaya, wallahi da na gani da na zo."

Dokar tana nan, don ofis ba zai zauna babu ita ba. Sai dai yanzu wanda aka tsare wa wasiƙa nan take ake sanar da shi, ita kuma sau uku take dubawa a yini. Sau biyu Manaja yana cewa ta rufe akwatin Baba Sito, ta ce to, ba ta rufe ba. Ƙanin bai daina rubutu ba. Ba ta buɗewa, lambar wasiƙun da ke akwatin kawai take gani tana hawa. Bara arba'in da ɗaya ce, yanzu arba'in da shida.