Tauraro na Biyar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan jiya, Allah ya karɓi abinsa. Baba, ka tafi ka bar mini ƙamshin turarenka a ɗaki.

Aikinka shi ne kwana a manyan otal-otal na duniya kamar kowane baƙo, ba wanda ya san kai ne mai ba su taurarin daraja, daga ɗaya zuwa biyar. In ka dawo sai mu kewaye ka, kana ba mu labarin ɗakin da kifaye ke wucewa ta bayan gilashinsa, da benen da gajimare ke kwana a ƙarƙashinsa. Ni kuwa in yi barci ina mafarkin yawo a cikinsu ba takalmi.

A gida ma ba ka bar halin ba. Kome aka kawo maka sai ka ɗaga yatsu. Shayin Yaya biyu. Gyaran gadona uku. Girkin Mama, Allah ya jiƙanta, da kowa ke santinsa, huɗu! Ta ce, "To Malam, na biyar ɗin wa ka ajiye wa?" Ka yi dariya ka ce, "Biyar ba wasa ba ce. Sai inda baƙo ya manta hanyar gida."

Da ciwo ya kwantar da kai aka kawo ka wurina. Wallahi na ji kunya. Fanka mai kuka, labule ya koɗe, taga na kallon bangon maƙwabta. Mutumin da ya kwana saman gajimare! Kullum ina juya maka matashi, ina matsa maka ƙafa, ina satar kallon hannunka. Ko yatsa ɗaya ba ka ɗaga ba. Na ce shi ke nan, ko ɗaya ban samu ba, rufa mini asiri kake yi.

Safiyar ƙarshe Yaya ya ce a mai da kai gida, ya fi sarari. Ka yi murmushi ka ce, "Wane gida?" Sai ka dube ni. "Uwata, matso." Ka ɗaga hannu, ka buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, har babban. Na kifa fuskata a tafin ina kuka.

Yaya, Goggo, jikoki, Allah ya ba mu haƙuri. Baba, Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sauke ka a masaukin da baƙonsa ba ya sake ɗaukar jaka. Amin.