Makwarwa Bakwai a Bakin Komi

Shekarar da aka rushe unguwarmu Karantina a Jidda na kai iyalina wurin yayata a unguwar Madain Fahd, ni kuwa na tare a gonar kafilina, mutumin da ya tsaya mini na samu iƙama, wato takardar zama, can gabas da Jidda. Raƙuma yake kiwo, sun cinye komai har saiwa. Na roƙe shi ya bar mini kwarin da ke bayan garke in kewaye da waya. Ya ce, "Halas, yi yadda ka ga dama."

Shekara biyu ina ɗaukar ruwa a jarka ina ba 'ya'yan magarya da farar ƙaya da na dasa. Na gina komi ƙasa-ƙasa, na jingina dutse a ciki don kada ƙananan tsuntsaye su nutse. Zomaye suka fara zuwa, sai kurciyoyi, daga baya makwarwa tara. Duk na san su, har da wata mai ɗingishi.

Wata Juma'a ƙanin matar kafilina ya zo da bindiga. Kafin in dawo daga masallaci ya harbe bakwai a bakin komin. Ko ɗauka bai yi ba, hoto kawai ya yi da su. Da na yi magana sai ya ce, "Kai da iƙamarka ke hannunmu, yau kai ne mai tsuntsaye?"

Na binne su, abin yana cina.

Bayan wata guda ya dawo da sabuwar mota, ya ce in nuna masa makwancin zomaye. Na ce, "Hadir, ya ustaz," wato to, ranka ya daɗe. Na san inda ambaliya ta tara yashi mai laushi, can na nuna masa. Motar ta nutse har ƙofa, da tsakar rana, inda waya ba ta kamawa.

Ya daka mini tsawa. "Yalla, je ka kawo tarakta!"

Na duba, akwai gorar ruwa a motar, sai na tafi a ƙafa. Na yi azahar a natse, na dafa shayi na sha kofi uku, na zuba wa raƙuma ciyawa, na ɗan kishingiɗa. Sai bayan la'asar na tayar da tarakta.

Na tarar da shi tsugune a gindin taya, fuska ja wur, farar rigarsa ta yi dumu-dumu. Na jawo motar, tun daga kwari yake zagina har bakin ƙofar gona, ni kuwa zuciyata fes.

Kafilina ya ji labari daga bakinsa. Bai tambaye ni komai ba, ya dai sayo kwado ya sa wa ƙofar shingen, ya miƙo mini makulli. Ƙanin matar tasa bai sake zuwa ba. Na nemi gafarar Allah kan yaudarar da na yi masa, amma shi ban taɓa ba shi haƙuri ba.