Irin Geron Nomau

Ƙanena Nomau ɗan kabu-kabu ne a Maraɗi, har ranar da wata babbar mota ta ture shi a hanyar Jiratawa. Ƙafa ta warke a karkace, ya daina aiki. Ya shimfiɗa tabarma a zauren gidana na unguwar Zariya, ya juya wa ƙofa baya. In na ajiye masa fura, ƙuda ne ke sha. Wallahi na fara ji masa tsoron mutuwa.

Sai 'yarsa Samira, mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta zo da wani zance daga formasiyo, horon da ake yi wa malamai. Wai mutanen Japan suna da wani abu, ikigai: mutum ya nemo abin da yake so, ya iya, jama'a kuma na bukata, shi ne zai riƙa tashe shi da safe. Na ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Kiran salla bai tashe shi ba, sai Japan?"

To, ya tashi. Abin da ya hana ni sakewa ke nan. Kullum bayan ya karya sai ya ɗauki sanda, ya hau bayan moto, ya nufi ƙauyukan Tibiri. Ya dawo da ƙulli-ƙulli a tsumma, ya tura ƙarƙashin tabarma. Wata mai nono ta ce ta gan shi gidan tsoho Wada, wanda har yau yake yi wa iskoki yanka. Mu da kakanmu ya bar wannan hanya da ƙyar, ashe wannan ne Japan ɗin? Ko magani yake tarawa ya gama da kansa? Na tsare Samira, ta rantse ba ta san komai ba. Ban yarda ba, ɗan kuka ai shi ke ja wa uwarsa jifa.

Ranar Laraba na bar kaskon ƙosai, na bi shi har gidan Wada. Na tarar da su a gindin rumbu, tsohon yana zuba masa wani abu a tafi.

"Nomau, mi ka ke karɓa?"

Ya buɗe hannu. Gero ne.

Wada ya yi dariya, ya ce, "Asabe, irin geron zango ne na kakanninku, ya kusa ɓacewa. Mu ba mu sayar da iri. Wanda ya karɓa, da hannunsa zai shuka, in kaka ta yi kuma ya zo da ƙafarsa ya maido irin. Ba a aiko da shi."

Kunya ta kama ni, amma bakina bai mutu ba. Na ce wa Nomau, "Da wannan ƙafar za ka yi noma? Gida nawa ka karɓo?"

"Duk gidan da suka ba ni."

"Ka haukace? Mi za ka yi da wannan uban alkawari?"

Ya ƙulle geron a bakin rigarsa, bai dube ni ba.

"Yaya, ina kwance ba wanda ke jirana sai kabari. Yanzu dole in ga kaka."

Har yau ban san me Japanawan nan suke nufi ba, kuma ban daina leƙa ƙarƙashin tabarmar ba. Amma da ruwan shuka ya sauka, ni na bi bayansa ina rufe ramukan.