Yatsun Kawu da Kwalbar Ɗan Damfara

Da safiyar nan wata mota mai lasifika ta ratsa layinmu a unguwar Briqueterie, ana ta kururuwar maganin ƙara garkuwar jiki. Na ja tsaki, sai na ji irin tsakin marigayi Kawu ne sak.

Kawu ya daɗe yana koyar da ilimin halittu a lise, wato makarantar sakandare, kafin ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe masa yatsu. Wata rana muna wurin mai tsire, hayaƙi da ƙamshin yaji sun cika ko'ina, ina yayyaga masa nama, sai wani ɗan damfara ya cusa masa kwalba.

"Baba, wannan zai tayar maka da garkuwa."

Kawu ya ɗaga masa kumburarren hannunsa. "Garkuwar ce ta yi min haka. Ƙwayoyin jiki saƙo suke aika wa juna, wasu su ce a kai hari, wasu su ce a tsaya. Nawa sun daina jin a tsaya. Su kake so ka ƙara zugawa?"

Ko kunya mutumin bai ji ba, ya juya ya sayar wa na kusa da mu.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya ba shi hutun da gaɓoɓinsa suka rasa a duniya.