Kaskon Kaka Tamo

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Kore Mairuwa ya san Kaka Tamo da kaskon ɗibar wutarta. Gari na wayewa za ka ji ta bakin darnin wani: "Masu gida, a sam min wuta!" Ba wanda ya taɓa ganin ta kunna tata. Wana ya taɓa kawo mata ashana daga Kurmi, can ƙasar kudu, ta ƙulle ta a tsumma ta ce, "Abin da anka sawo da kuɗi za ni ƙonawa? Ban haukace ba!"

Sai shekarar sanƙarau ta zo, zamanin Nasara. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya hana kasuwa, ya hana taro, kowa ya ja ƙyaure. Tsoro ya kama mutane har wanda ciwon bai taɓa ba ya rame. In ka yi atishawa sai ka ga matarka ta fara hawaye.

Maƙwabcinmu Dari ya kwana a karkace, ya tashi wuyansa ya sage. Ya ɗauka sanƙarau ne, kafin hantsi ya yafe wa kowa, ya raba awakinsa. Kaka ta leƙo ta kan darni ta ƙwala ihu: "Dari, jaki ya shiga rumbunka!" Wallahi da kun ga yadda ya waiwaya! Ta ce, "To, ga wuya ya juya. Amshe awakinka, ka ba ni wuta."

Wani gardi, dogarin kumandan, ma ya tare ta, wai an hana shiga gidaje. Ta ce, "Ka gan ni ciki, ɗan nan? Daga waje nike turo kasko. Mi ag ga bakinka, taba? Miƙo in ɗiba." Sai ya miƙa mata.

Ni kam ban yi dariya ba a lokacin. Ciwon ya ɗauke ɗana na fari, kuma ba mai zuwa gaisuwa. Na shige ɗaki na kwanta, ba ci ba magana, murhuna ya yi sanyi. Mutuwa kawai nake jira, kuma ban ƙi ta ba.

Sai ga kasko ta ƙarƙashin darni.

"Hajo, wuta!"

"Babu, Kaka."

"To tahi gidan Dari ki ɗebo min. In na wuni da yunwa, alhakina bisa kanki."

Ta zauna nan tana mita har na tashi don haushi. Na je, matar Dari ta miƙo garwashi ta kan darni, muka kalli juna muka sha kuka. Da na dawo Kaka ta ce, "Tunda kin ɗebo, hura taki mana. Kuma a bar wuta ta ci banza? Aza tukunya." Kullum haka, har na koma cin abinci ban sani ba.

Wata safiya na ce bari in hutar da tsohuwa, na kai mata wutar har ɗakinta. Me zan gani? Murhu na ci bal-bal, kunu na tafasa!

"Kaka! Wannan hwa?"

Ko kunya ba ta ji ba. "Wagga tawa ta. Taki nika son gani."

Ashanar nan a ƙulle muka same ta ranar da ta rasu, ko tsinke ɗaya bai fita ba. Allah ya jiƙan Kaka Tamo, ya sanyaya makwancinta. Yadda ba ta bar ni ni kaɗai ba, Allah kada ka bar ta ita kaɗai.