Rubutun da Haske Ya Tona

Shekarar da na kammala jami'a na dawo gidanmu a Ƙofar Dundaye, babu aiki. Burina ɗaya ne: mahaifina ya damƙa mini kula da ɗakin littattafan marigayi kakanmu, kamar yadda ya taɓa ambatawa. Ni kaɗai ya sa a boko cikin 'ya'yansa, kuma na gaji da zama kamar baƙo a gidan malamai.

Da walimar saukar ƙanwata ta matso, na ɗauki nauyin ƙawata zaure da fitilun takarda. Na lanƙwasa waya na yi ƙwarangwal ɗin fitilu shida, na dama sitaci domin liƙi. Takardar kanti ta cika laushi, tana yagewa. A ɗakin littattafan na tarar da wasu takardu masu kauri, sun yi ja saboda tsufa. Na duba gaba da baya, babu ko ɗigon tawada. Kwana huɗu ina huda su da reza, ina fitar da dagi da taurari, ina shafa musu ruwan lalle da shuni.

Bayan Magariba baƙi suka cika zaure, na kunna ƙwayayen lantarki. Haske ya ratsa takardun, sai ga layukan rubutu reras a cikinsu. Ashe malaman dauri sukan manna tsofaffin takardu biyu fuska da fuska su yi bangon littafi. Rubutun Kaka ne, kuma ayoyi ne, rezata ta bi ta tsakiyarsu.

Baffana, ƙanen mahaifina, ya matsa ya karanta, ya yi salati.

"Wa ya yi wanga aiki?" in ji mahaifina, alhali ya sani.

"Ni ne, Baba. Ban san cewa..."

"Kashe wutar."

Baffa ya ce, "Yaya, yi mai haƙuri. Digiri gare shi, ba karatu ba." Wasu suka dara.

Kowa a zauren ya san wannan al'ada ta manna takardu tun yana ƙarami. Lokacin da ake nuna musu ita, ni ina makarantar kwana, inda mahaifina ya kai ni da kansa. Babu wanda ya tuna da haka.

Washegari mahaifina ya ɓamɓare takardun da hannunsa, ya binne su a bayan gida, bai bari na taya shi ba. Ɗakin littattafan kuwa ɗan Baffa aka ba. Yanzu idan ina son duba littafi sai na nemi izininsa, ya tsaya a kaina har na rufe.