Bayan Inna da Kunyar Suruki

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama na haifi ɗana na fari, a shekarar kuma bayan Inna, mahaifiyata, ya riƙe. Ta fi shekara talatin tana suyar waina a Hayin Banki, a duƙe kan wata 'yar kujera da ko kaza za ta raina tsayinta. Ciwon bai dame ta ba kamar rashin goyon jikanta. Kullum sai ta ɗauko zanen goyo ta ninke ta mayar, ni kuwa tausayinta ya cika ni.

Mijina aikin gashin ƙashi yake a asibiti, kuma a lokacin masu wannan aikin a Kaduna ba su da yawa. Sai dai Inna, tun da aka ɗaura mana aure, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Da ta ji ƙarar babur ɗinsa Besfa sai ta faɗa ɗaki.

"In kwanta a gaban surukina yana latsa mini baya? Gara in mutu a tanƙware," in ji ta.

Da ƙyar ta yarda ya tsaya a tsakar gida, ita tana ɗaki, labule a sake, ni ina bakin ƙofa.

"Tambayi Inna ko ciwon yana sauka ƙafa," ya ce.

"Ki ce masa lafiyata lau."

Dukanmu uku muna jin juna sarai, amma dole in maimaita. Ya sa na kwantar da ita na ɗaga ƙafarta a miƙe. Tun ban kai ko'ina ba ta saki salati da ƙarfi, sannan ta ce in gaya masa tari ta yi. Ya rubuta a takardarsa.

Ya ce a riƙa gasa mata bayan da tawul mai ɗumi, a ɗora murhun waina kan bulo, a sauya kujera, in za ta ɗauki abu a ƙasa ta sauka da gwiwa, kada ta sunkuya. Motsa jikin da ya ce ta riƙa yi ne ya gagara, don na kasa bayyana shi da baki. Sai ga mijina, da farar rigarsa ta asibiti, ya kwanta a tabarma a tsakar gida yana jawo gwiwa zuwa ƙirji, matan haya sun cika suna kallo. Na ga labule yana motsi. Daga baya Inna ta rantse iska ce, amma washegari na tarar tana yin abin daidai, har da ƙirga goma.

Bayan wata biyu muka zo gaishe ta daga gidanmu a Unguwar Rimi. Besfar ta mutu a hanya, mijina ya tsaya gyara, na yi gaba da yaro. Da ya ƙaraso turo ta ya yi, babu ƙarar da za ta gargaɗe ta. Ya same ta a tsakar gida, jikanta a bayanta, tana ɗauko murfin tukunya daga ƙasa. Babu wurin gudu.

Ta miƙe a hankali, ta dubi gefen kafaɗarsa, ta ce, "Malam, da gwiwa na sauka, ban sunkuya ba. Allah Ya yi maka albarka."

Mijina ya rikice, ya cire hula ya mayar. Sannan ya juyo wajena, idonsa ya kawo ruwa.

"Ki ce mata amin."